Yaro Bai Iya Ba Sai Ya Yi da Kansa

  Iyaye mata da ke tsakar gida, iyaye maza da ke majalisa, da malaman makaranta da suka taso daga aiki, duk ina yi muku maraba da shigowa wannan shiri.

Yau maganar ƙananan yara za mu yi. 'Yan aji ɗaya, aji biyu da aji uku na firamare. Wato masu shekara shida zuwa takwas ko tara. Abu uku ake so yaro ya kama a waɗannan azuzuwa. Rubutu. Lissafi. Sai kuma iya tsayawa gaban mutane ya yi bayani.

Shirin kashi huɗu ne. Na farko rubutu, na biyu lissafi, na uku magana a gaban jama'a. A kashi na huɗu za mu dawo gida, mu ga abin da uwa ko uba za su iya yi, ko da ba su taɓa shiga aji ba.

Magana ɗaya nake so ku riƙe tun daga yanzu. Yaro bai iya abu ba sai ya yi shi da kansa. Zan maimaita. Yaro bai iya abu ba sai ya yi shi da kansa.

Ku zo mu leƙa wani aji. Malama ta rubuta lamba a allo. Ta ɗaga murya ta ce, “Biyu da uku, biyar!” Aji ya ɗauka gaba ɗaya, “Biyu da uku, biyar!” Ta sake faɗa, suka sake amsawa. Har bakin titi ana jin su. Uban da ya zo wucewa sai ya ji daɗi, ya ce lallai ana karatu.

To, a jawo yaro guda daga benci na baya. A zuba masa tsakuwa a ƙasa. A ce, “Ware mini biyu, ka ƙara uku, ka faɗa mini nawa suka zama.” Sau da yawa sai ya yi tsuru. Ashe bakin na kusa da shi yake bi.

Amshi yana da ranarsa. Yana taimaka wa hadda, yana kuma farkar da aji. Illarsa ita ce yana rufa asirin wanda bai gane ba. A haka yaro zai wuce aji ɗaya, ya wuce aji biyu, ba wanda ya lura.

Kuma matsalar ta wuce garinmu. A shekarar 2022, Bankin Duniya da wasu hukumomi sun fitar da ƙiyasi a kan yara 'yan shekara 10. A ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kashi 70 cikin 100 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara, adadin ya kai kashi 89 cikin 100. Wato kusan yara tara cikin goma. Da yawansu kuma suna zuwa makaranta.

Iyaye mata, ku kun fi kowa sanin wannan. Yarinya ba ta koyon tuƙin tuwo da kallo. Ko ta shekara tana kallon ki, sai ranar da ta kama muciya da hannunta, ta yi gudaji, aka gyara mata. Haka karatu yake.

(Kiɗa)

Kashi na ɗaya, rubutu.

Rubutu daga yatsu yake farawa, tun kafin fensir. Yaron da ke zane a ƙasa da tsinke, ko yake mulmula laka, ko yake ɓarar gyaɗa, yatsunsa yake horarwa. Kada a hana shi. Idan ya kai ga fensir, a nuna masa riƙo da yatsu uku: babban yatsa, yatsan nuni, da na tsakiya a ƙasa yana tallafe. Kada ya damƙe da ƙarfi, domin hannu zai gaji tun kafin ya gama layi ɗaya.

Wani zai ce, a zamanin waya da kwamfuta, me ya rage wa rubutun hannu? Akwai amsa. A shekarar 2012, wata mai bincike a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Karin James, ta yi gwaji da yara 'yan shekara biyar waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. An sa su koyi haruffa ta hanya uku. Ko su rubuta harafi da hannunsu, ko su bi sawun wanda aka ɗiga musu, ko su danna shi a kwamfuta. Daga baya aka nuna musu haruffan ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Sassan ƙwaƙwalwa da ake karatu da su sun fi motsawa bayan yaro ya rubuta harafi da hannunsa. A taƙaice, hannun da ya rubuta harafi yana taya ido gane shi.

Mu Hausawa muna da sa'a a nan. Rubutunmu na boko yana bin furuci sosai. Wasula biyar ne: a, e, i, o, u. A haɗa baƙi da wasali, an sami gaɓa. Gaɓa ita ce guntun kalma da ke fita a bugun baki guda. Ba, be, bi, bo, bu. Idan yaro ya kama gaɓoɓi kaɗan, ƙofa ta buɗe. Mu ɗauka sunan ɗanki Bala. Ya rubuta “ba”, ya rubuta “la”, ga sunansa. A juya su, ya sami “laba”, ya yi dariya. A ba shi “ka”, sai ga “kaka”, ga “baka”, ga “laka”. Gaɓa uku kacal, kalmomi sun fara yawa a hannunsa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo ma da babbaƙu ake farawa, wato haruffa zalla. Sannan farfaru, inda ake sa musu wasali. Kuma almajiri bai ci gaba ba sai ya kai inda zai ɗauki alƙalami da tawada ya rubuta allonsa da kansa.

Malamai, a kula da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. A koyar da su tun farko. Yaro ya ji bambancin “baki” da “baƙi” a kunnensa, ya kuma gan shi a takarda.

Ga abu uku da ke tayar wa iyaye hankali alhali ba abin tashin hankali ba ne. Na farko, yaro ya juya harafi, ya rubuta d a maimakon b. Wannan ya zama ruwan dare har zuwa wajen shekara bakwai. Na biyu, ya fara rubutun boko daga dama. Ku tuna da yamma yana Islamiyya, inda ake farawa daga dama zuwa hagu. Hanya biyu yake koyo a lokaci guda. A ɗiga masa alama a gefen hagu na shafi, a ce daga nan ake tashi. Na uku, yaro bahago. Kada a doke shi a kan fensir. A gyara masa zaman takarda, a zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa.

Yanzu ga babbar maganar wannan kashi. Kwafa daban, rubutu daban. Akwai yaron da zai cika littafi da abin da ya kwafa daga allo, tsaf-tsaf, ba gyara. A rufe allon, a ce ya rubuta abin da ya ci da safe, sai ya kasa. Wannan zanen haruffa ya iya.

Maganin abu biyu ne. Na ɗaya shifta. Malam ya faɗi kalma, yaro ya rubuta ba tare da ya gani ba. Kalma biyar a rana sun isa. Na biyu, a bar yaro ya rubuta tasa maganar. Ya fara da zane. Ya zana akuyar gidansu, sannan ya rubuta jimla ɗaya a ƙasa. Wataƙila ya rubuta “akuya ta hahu”, ya manta harafi ɗaya. Malama, kada ki fara da jan biro. Ki ce, “Karanta mini.” Zai ce, “Akuya ta haihu.” Ki ce, “Madalla! 'Ya'ya nawa?” Bayan nan ki nuna masa harafin da ya manta. Gyara ɗaya ko biyu a rana. Shafin da ya cika da jan biro yana kashe wa yaro gwiwa.

Mu tattara kashi na ɗaya. Yatsu su ƙware. Gaɓa ta zama kalma. Yaro ya rubuta tasa jimlar da kansa.

(Kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan karatun 'yan aji ɗaya zuwa uku. Mun gama da rubutu. Ga kashi na biyu, lissafi.

Mu fara da ƙirga. Yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari bai zama lallai ya iya ƙirga ba. Ga yadda za ki gane. Ki zuba masa wake guda bakwai. Ki ce ya ƙirga. Ki lura da yatsansa. Yana taɓa kowane ƙwaya sau ɗaya? Ko bakinsa ya riga hannunsa gudu? Idan ya gama, ki ce, “To, nawa ne?” Wanda ya gane zai ce bakwai. Wanda bai gane ba zai koma ya fara daga ɗaya. Sai ki baza waken ya yi faɗi, ki sake tambaya. Idan ya ce sun ƙaru, da sauran aiki. Ba laifinsa ba ne, matakin da yake ke nan.

Masana sun daɗe da tsara hanyar hawa wannan mataki. Wani masanin ilimi ɗan Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana ta a shekarun 1960. Ƙasar Singafo ta gina lissafin firamarenta a kai tun farkon shekarun 1980, kuma yaranta suna cikin waɗanda ke kan gaba a gwaje-gwajen lissafi na duniya. Hawa uku ne. Na farko, abu a hannu. Na biyu, zane a takarda. Na uku, lamba. Abu, zane, lamba. Mu kuwa sau da yawa daga na uku muke farawa.

Abin riƙewa a hannu ba ya buƙatar kuɗi. Murfin kwalba, tsakuwa, ƙwallon dabino, tsinken tsintsiya. Bari in nuna muku aikin tsinke.

A sa yara su ƙirga tsinke goma, su ɗaure da zare. Dami ɗaya ke nan. Kowane dami goma ne. Yanzu a ce su nuna 23. Za su ajiye dami biyu da tsinke uku. A rubuta 23 a allo. Biyun nan dami ne, ukun nan tsinke ne. Wannan shi malamai ke kira gurbin lamba, wato darajar lamba ta danganta da inda ta zauna. Ƙirgarmu ma tana taimakawa. Idan yaro ya ce “goma sha huɗu”, ya riga ya faɗi dami ɗaya da tsinke huɗu.

Ga inda tsinke ke yin rana. A ba yaro 32 a ɗebe 17, a rubuce, ɗaya a kan ɗaya. Yara da yawa za su kawo 25. Kun san yadda aka yi? Ya duba biyu da bakwai, ya ga ba a cire bakwai daga biyu. Sai ya juya, ya cire biyu daga bakwai, ya sami biyar. Ya cire ɗaya daga uku, ya sami biyu. Ga 25. Yaron nan ya yi tunani, hanya ce ta ɓace masa.

To, a ba shi dami uku da tsinke biyu. A ce, “Ba ni goma sha bakwai.” Zai miƙo dami ɗaya. Saura bakwai. Tsinke biyu ne a warware. Zai yi shiru, ya duba. Malam, ka yi haƙuri, kada ka faɗa masa. Can sai ka ga ya kai hannu ya kwance dami guda. Yanzu yana da tsinke goma sha biyu. Ya ba da bakwai, saura biyar, ga kuma dami ɗaya a gefe. Amsa 15. Abin da ake kira aro a lissafi, kwance damin nan ne. Wanda ya kwance da hannunsa ba ya mantawa.

Akwai wani bincike da ya kamata iyayen yara masu talla su ji. A shekarar 1985 wasu masu bincike uku suka wallafa abin da suka gani a birnin Resife na ƙasar Birazil. Sun je wurin yara masu sayar da kaya a titi kamar masu ciniki. Wani yaro yana sayar da kwakwa, kowace ɗaya 35 a kuɗin ƙasarsu. Aka ce ana son goma. Ya san uku 105 ne. Ya tara 105 sau uku, ya ƙara kuɗin guda ɗaya, ya ce 350. Daidai. A bakin ciniki, kusan duk tambayoyin da aka yi wa yaran sun amsa daidai. Da aka ba su irin lissafin a takarda, lambobi zalla, ko rabi ba su ci ba.

Mun san irin yaran nan. Yarinya mai awara ba ta kuskuren canji. A ba ta naira ɗari biyar, an sayi na ɗari uku da hamsin, nan take za ta miƙo ɗari da hamsin. A Maraɗi ko Damagaram, yaro ya san dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin sefa ɗari. Kullum yana ninkawa da biyar a ka. Ba cewa nake a tura yara talla ba, wurin yaro makaranta ne. Abin da nake cewa shi ne, yaranmu suna zuwa aji da lissafi a kansu. Aikin malam ya haɗa wancan da na takarda. Ka fara da ciniki, ka zana shi, sannan ka rubuta lambarsa.

Malamai za su ce, “Ajina ya haura yara tamanin, yaya zan duba kowa?” Gaskiya ne, aikin da nauyi. Amma ga wata dabara da aka daɗe ana yi a Nijar da sauran ƙasashe masu bin tsarin Faransa. Sunanta ya fito ne daga wata makaranta ta birnin Liyon, La Martinière. Kowane yaro yana da ɗan ƙaramin allo da alli. Malam ya yi tambaya. Kowa ya yi tunani shiru. Malam ya buga tebur, kowa ya rubuta. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama. Da kallo ɗaya malam ya ga wanda ya gane da wanda ya ɓata. Ba mai fakewa a bayan muryar wani. Inda babu allon saye, guntun falanki da aka shafa wa baƙin fenti ya wadatar.

Mu tattara kashi na biyu. Abu a hannu, sannan zane, sannan lamba. Kuma kowane yaro ya nuna tasa amsar da kansa.

(Kiɗa)

Kashi na uku, magana a gaban jama'a.

Wannan shi aka fi mantawa da shi, domin ba a cika ba shi maki a jarrabawa ba. Amma ku duba rayuwa. Mai neman aiki sai ya yi bayani. Mara lafiya sai ya faɗa wa likita inda ke masa ciwo. Wanda aka zalunta sai ya iya kai ƙara. Duk da baki ake yi.

Na san abin da ke ran wasu iyaye. Muna tarbiyyar 'ya'yanmu da kunya. Yaro ya rusuna, ya sunkuyar da kai, kada ya tsoma baki a maganar manya. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba kuma wanda ya ce a zubar da ita. Ladabi da iya bayani ba sa faɗa da juna. Ku dubi yaran musabaƙar Alƙur'ani. Ɗan shekara tara zai zauna gaban alƙalai da ɗaruruwan mutane, ya yi karatu da murya a sake, ya tashi cikin ladabi. Horo ne ya kai shi nan. Irin horon nan ake so a aji.

Yaya ake farawa? Kada a fara da tsayar da yaro gaban aji. Hawa-hawa ake yi. Da farko ya faɗa wa na kusa da shi. Malam ya yi tambaya, ya ce kowa ya juya ga abokin zamansa, su tattauna na minti ɗaya. A minti ɗayan nan rabin aji sun yi magana. Bayan an saba, ya faɗa wa 'yan bencinsu. Daga nan sai gaban aji.

A makarantun Amurka da Ingila akwai wata al'ada. Yaro yakan zo da wani abu daga gida, ya nuna wa aji, ya yi bayaninsa. Mu ma muna iyawa. Yarinya ta zo da ludayi. Yaro ya zo da zangarniyar gero, ko motar langa-langa da ya ƙera. A ba shi tambaya uku su zame masa jagora. Mene ne wannan? Daga ina ya fito? Me ake yi da shi? Ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya amsa ukun nan, ya gode. Minti ɗaya ya isa. Yara uku a rana, kafin zango ya ƙare kowa ya samu.

Sauran 'yan aji ma suna da aiki. Su saurara, mutum biyu su yi tambaya. Doka ɗaya ce, kuma malam ya tsaya a kanta: ba a yi wa mai magana dariya. Dariya guda tana iya rufe bakin yaro shekara guda. Mai i'ina a ba shi lokaci, kada a ƙarasa masa kalma. Kuma a lura da 'yan mata da masu zama a baya, kada kullum a riƙa kiran masu ɗaga hannu su kaɗai.

Ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo. A farkon shekarun 1970, wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna tsawon jiran da malamai ke yi bayan sun yi tambaya. Ta tarar kusan sakan ɗaya ne. Sakan ɗaya! Idan yaro bai amsa ba, an wuce shi. Da aka horar da malamai su jira sakan uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo. Masu cewa ba su sani ba suka ragu. Waɗanda ba sa magana a da suka fara sa baki. Malam, ka yi tambaya, ka ƙirga uku a zuciyarka. Baba, kai ma haka a gida.

Kuma a nan ne abubuwa ukun ke haɗuwa. Yaron da ya kwance damin tsinke, a ce ya fito ya faɗa wa aji yadda ya yi. Yarinyar da ta rubuta labarin akuya, ta tashi ta karanta jimlarta. Tambaya mafi amfani a aji ita ce, “Yaya ka yi ka samu?” A yi ta ko amsar daidai ce, ko kuskure ce. Mai bayani da bakinsa yakan gano kuskurensa tun kafin a nuna masa.

(Kiɗa)

Kashi na huɗu, kuma na ƙarshe. Mun dawo gida.

Da wane harshe za a yi duk wannan? Da wanda yaro ya fi ji. A shekarar 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji. An koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin, a darussa da dama ma sun fi su. A nan Arewa, jihohin Bauci da Sakkwato sun yi amfani da littattafan Mu Karanta wajen koya wa ƙananan azuzuwa karatu da Hausa. Saboda haka, ko da Turanci ko Faransanci ake koyar da ɗanki a makaranta, a gida ki ce ya mayar miki da darasin da Hausa. Idan ya iya, ya gane. Idan ya kasa, hadda ya yi.

Wata uwa za ta ce, “Ni ban yi boko ba.” Hajiya, ba sai kin yi ba. Ga aiki uku, kowanne bai wuce minti biyar ba.

Na ɗaya, idan za a yi cefane, ki faɗa, shi ya rubuta. Tumatir, albasa, manja, gishiri. Idan an dawo, ya karanta a duba ko an manta wani abu.

Na biyu, ki sa shi lissafin gida. Mu takwas ne, an ɗauko cokali biyar, saura nawa? Ga ƙuli-ƙuli goma sha biyu, ku uku ne, raba muku daidai. Ko carafke da dara da suke yi a ƙofar gida, akwai ƙirga a ciki.

Na uku, bayan sallar isha'i ki yi musu tatsuniya. Gobe kuma ki ce shi ya yi wa ƙannensa, a tsaye, da murya yadda kowa zai ji. Ki jira shi ya kai ƙarshe.

Iyaye maza, ku ma da naku. Idan yaro ya dawo, kada tambayar ta tsaya a “An yi karatu?” Amsar kullum “E” ce. Ka ce, “Zo nuna mini abu ɗaya da ka koya yau.” Ka buɗe littafinsa, ka nemi shafin da ya rubuta tasa maganar. Idan babu, ka je makarantar cikin mutunci, ka gaisa da malaminsa, ku yi shawara. Idan kuma ka ga ɗanka ya kai aji huɗu bai iya haɗa gaɓa ba, kada ka yi fushi, kada ka kira shi daƙiƙi. A koma da shi inda ya tsaya, a taso daga nan. Da koyo akan iya.

Masu sauraro, mu tuna abin da muka tattauna. A rubutu, yaro ya rubuta tasa jimlar. A lissafi, ya riƙe abu a hannu kafin ya rubuta lamba. A magana, a ba shi fili, a jira shi, kada a yi masa dariya. Yaro bai iya abu ba sai ya yi shi da kansa.

Ga jingar da zan bar muku a wannan mako. Ku samo tsinke talatin da biyu da ɗan zare. Ku sa yaro ya ɗaure su goma-goma. Ku ce ya ba ku goma sha bakwai. Sannan ya faɗa muku yadda ya yi, ya kuma rubuta amsar a takarda.

A nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya saka wa malamansu da alheri. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.